Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Farfaɗo da Na'urorin Awon Gona ta Hanyar Sauya Musu Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Jalingo zuwa Wukari da rani, in ya iso gadar Nukkai, zai hangi lambuna a gaɓar kogin Lamurde: alayyafo da kuɓewa da tumatir da masarar rani, ga injinan ban ruwa suna ta aiki. Idan kaka ta yi kuma, buhunan masara da shinkafa da gyaɗa ne ke shigowa gari daga ƙauyukan kewaye. Waɗannan manoma na yi wa malamin gona tambayoyi iri uku kusan kowace shekara. Shin ƙasar gonata ta yi tsami ne da taki ba ya kama ta? Shin ruwan da nake ba shuka yana da gishiri? Shin hatsina ya bushe yadda zan iya zuba shi a rumbu?

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai waɗannan tambayoyi uku sun fi ƙarfin ido. Kowacce tana da na'urar da ke amsa ta: ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, da ma'aunin gishirin ruwa, da ma'aunin danshin hatsi. Irin waɗannan na'urori sun shigo ofisoshin gona da makarantun koyon aikin gona tun shekaru masu yawa, kuma da dama daga cikinsu yanzu suna ajiye cikin kabad an haƙura da su. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake iya dawo da wasunsu bakin aiki ta hanyar cire tsohuwar ƙwaƙwalwarsu a maye gurbinta da 'yar ƙaramar kwamfuta, da kuma sharaɗin da in ba a cika shi ba, gyaran zai fi rashinsa illa.

Me ke mutuwa a cikin na'ura?

Kusan kowace na'urar awo ta lantarki tana da sassa huɗu. Na farko shi ne bakin awo, wato ɓangaren da ke taɓa abin da ake gwadawa, kamar sandar gilashin da ake tsomawa cikin ruwan ƙasa, ko mazubin da ake zuba hatsi a ciki. Na biyu shi ne amfilifaya, wadda ke karɓar 'yar ƙaramar wutar da bakin awo ya samar ta ƙara mata ƙarfi. Na uku shi ne tafinta, wani ɗan guntu da ke juya ƙarfin wuta ya koma lambobi. Na huɗu ita ce ƙwaƙwalwa, wadda ke lissafi da waɗannan lambobi ta nuna sakamako a fuskar na'ura.

Sau da yawa idan aka ce na'ura ta mutu, ba dukkanta ce ta mutu ba. Wutar lantarki da ta zo da ƙarfi fiye da kima takan ƙone ƙwaƙwalwa. Ɗan batirin da ke riƙe da bayanan saiti yakan ƙare, na'urar ta manta da duk abin da aka koya mata. Fuskar da ke nuna lambobi takan dushe saboda zafi da tsufa. Kamfanin da ya ƙera ta kuwa wataƙila ya daina yin wannan samfuri, don haka babu inda za a sami madadin abin da ya lalace. Amma akwatin da mazubin da amfilifaya, waɗanda galibi su ne aka fi kashe wa kuɗi da fasaha wajen ƙira, suna nan lafiya lau. Yar da irin wannan na'ura tamkar yar da garma ne don igiyar shanu ta tsinke.

Ƙaramar kwamfuta mai faranti guda

Abin da ya sa wannan gyara ya zo kusa da hannun jama'a shi ne fitowar ƙananan kwamfutoci waɗanda aka harhaɗa duk kayansu a kan faranti guda, irin wanda masu gyaran waya ke kira fanel. Wadda ta fi shahara ita ce Raspberry Pi, wadda wata gidauniya a garin Kambirij na ƙasar Ingila ta fitar a shekarar 2012 a kan dala 35, da nufin koya wa yara ilmin kwamfuta. Girmanta bai wuce na katin cire kuɗi a banki ba. A shekarar 2015 aka fitar da ƙaramarta mai suna Pi Zero a kan dala 5, sannan a 2021 aka fitar da Pico a kan dala 4. Kafin su akwai Arduino, wanda aka fara a ƙasar Italiya a 2005.

Akwai bambanci tsakaninsu da ya kamata a sani. Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce: tana ajiye bayanai a katin memori, tana iya ɗaukar allo, kuma samfuran baya-bayan nan na iya magana da wayar hannu ba tare da igiya ba. Amma ba ta da tafinta a jikinta, don haka ba ta iya karanta ƙarfin wuta kai tsaye. Dole a haɗa mata wani guntu kamar ADS1115, mai ƙofofi huɗu, ko MCP3008, mai ƙofofi takwas amma awonsa bai kai na farkon kaifi ba. Pico da Arduino kuwa ba su kai ta ƙarfi ba, sai dai suna da nasu tafinta, ba sa cin wuta sosai, suna tashi nan take da an kunna su, kuma sun fi dacewa da aikin da ke buƙatar ƙidaya cikin sauri ba tare da kuskuren lokaci ba. Ga na'urar da za a riƙa ɗauka zuwa gona, sau da yawa ƙaramar ta wadatar.

Yadda ake gudanar da aikin

Wannan ba aikin da malamin gona zai yi shi kaɗai ba ne. Aikin mutum uku ne: mai gyaran lantarki da ya iya karanta taswirar wayoyi, da wanda ya iya rubuta manhaja, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ya san yadda awo na gaskiya yake. A Jalingo ana iya neman irin waɗannan mutane a Kwalejin Aikin Gona da Jami'ar Jihar Taraba, da kuma cikin masu gyaran rediyo da waya na kasuwa. Matakan su ne kamar haka:

1. A fara tabbatar da abin da ya lalace. A duba fis, da batir, da wayoyin da suka yi tsatsa. Na'urori da yawa ba sa buƙatar komai sai tsaftacewa da sabon batir.

2. A ɗauki hoton cikin na'urar kafin a taɓa komai, a yi wa kowace waya alama. In akwai littafin da ya zo da ita, a nemo shi.

3. A gano wurin da wuta ke fitowa daga amfilifaya kafin ta shiga tsohon tafinta. Nan ne za a ɗauki sigina. A auna ta da mita a ga iyakar hawanta da saukarta.

4. A daidaita siginar da abin da sabon faranti zai iya ɗauka. Ƙofofin Raspberry Pi da Pico na aiki ne da bolt 3.3. Duk abin da ya wuce haka, ko ya sauka ƙasa da sifili, zai iya ƙone su.

5. A cire haɗin tsohuwar ƙwaƙwalwa, amma kada a yar da ita. A ajiye ta cikin leda da sunan na'urar a jiki.

6. A rubuta manhajar da za ta karanta lambobi, ta yi lissafi, ta nuna sakamako, ta kuma ajiye shi da kwanan wata.

7. A saita na'urar, sannan a gwada ta da wata wadda aka amince da ita. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Ma'aunin tsamin ƙasa

Wannan ita ce na'urar da ta fi sauƙin farfaɗowa, domin lissafinta sananne ne. Sandar gilashi tana ba da kimanin milibolt 59 a kan kowane mataki guda na pH idan zafin ruwan ya kai digiri 25. Milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt. Wutar ba ta da ƙarfi ko kaɗan, shi ya sa ba a haɗa sandar kai tsaye da sabon faranti. Dole ta bi ta tsohuwar amfilifaya ko wata irinta. Idan zafi ya kai digiri 40, kamar yadda yakan kusanta a Jalingo cikin watannin Maris da Afrilu, adadin yakan haura zuwa milibolt 62. Saboda haka a haɗa ɗan ma'aunin zafi, kamar DS18B20, domin manhajar ta riƙa gyara lissafinta.

Ana saita ta da ruwan saiti na pH 7 da na pH 4, a kowace ranar aiki kafin a fara. A sani cewa sandar gilashi tana tsufa. Galibi ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu tana aiki da kyau, kuma in aka bar ta ta bushe takan lalace da wuri. A riƙa ajiye bakinta cikin ruwan ajiyarta. Sabuwar ƙwaƙwalwa ba za ta gyara matacciyar sanda ba, don haka a sa kuɗin sabuwar sanda cikin lissafin gyara tun farko.

Me ya sa ake wannan taka-tsantsan? Kuskuren milibolt 30 kacal daidai yake da rabin mataki na pH. Idan ƙasa na kan 5.2 na'ura ta nuna 5.7, malamin gona zai ce wa manomi ƙasarsa lafiya take. Alhali kuwa da zarar tsami ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyum yakan fara cutar da saiwar masara, kuma ƙasa takan riƙe sinadarin fosfaras ta hana shuka amfana da shi. Manomin zai sayi taki da tsada ya zuba, amfanin bai kai yadda ya zata ba, shekara mai zuwa ya ƙara yawan Yuriya, wadda ita kanta yawan amfani da ita na ƙara wa ƙasa tsami.

Ɗibar ƙasar ma tana da ƙa'ida. A ɗebo daga wurare 15 zuwa 20 a faɗin gona, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a cakuɗa, a shanya a inuwa, a tankaɗe. A zuba giram 10 na ƙasa cikin mililita 25 na tataccen ruwan ɗakin gwaji, a motsa, a bari ya yi rabin sa'a kafin a auna. Ga masu lambu a bakin kogi akwai ƙarin dalilin maimaita awo. Mutanen Nukkai ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2005 ba, wadda ta karya gadarsu. Ko ambaliyar da ba ta kai wannan ba takan kwashe ƙasar sama a wani wuri, ta jibge yashi ko laka a wani. Sakamakon awon bara ba lalle ne ya yi daidai da ƙasar bana ba.

Ma'aunin gishirin ruwa

Wannan na'ura tana auna yadda wutar lantarki ke ratsa ruwa. Gwargwadon yawan gishirin da ya narke a ciki, gwargwadon sauƙin wucewar wuta. Awonta yakan ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100 a kan kowane digiri guda na zafi, saboda haka ita ma tana buƙatar ma'aunin zafi. Ana saita ta da ruwan saiti mai lamba 1413, wato 1.413 a ma'aunin dS/m. A bisa jagorar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da bai kai 0.7 ba babu damuwa a kansa, daga 0.7 zuwa 3.0 sai an lura da irin shukar da yadda ake ban ruwa, abin da ya haura 3.0 kuwa yana da haɗari ga yawancin amfanin gona.

Amfanin sabuwar ƙwaƙwalwa ya fi fitowa a nan. Awo guda ba ya faɗin komai sosai, amma idan aka auna ruwan kogi ko na rijiyar lambu kowane mako tun daga Disamba har Afrilu, na'urar na ajiyewa, za a ga yadda ruwan ke canzawa yayin da kogi ke janyewa. Sai dai a gaya wa manoma gaskiya: wannan awo ba ya nuna ƙwayoyin cuta ko gubar ƙarfe da kan iya biyo ruwan da ya ratso gari. Wannan sai babban ɗakin gwaje-gwaje.

Ma'aunin danshin hatsi

A nan ne haɗarin ya fi yawa. Yawancin waɗannan na'urori suna auna yadda hatsin da ke cikin mazubi ke canza halin wutar lantarki, sannan ƙwaƙwalwa ta juya wannan canji zuwa kashi cikin ɗari. Amma kowane irin hatsi da nasa jadawalin. Na masara daban, na shinkafa daban, na waken soya daban. Waɗannan jadawalai a cikin tsohuwar ƙwaƙwalwa suke. Ranar da aka cire ta, sun tafi tare da ita. Sabon faranti zai nuna lambobi masu kyan gani, amma ba su da ma'ana har sai an gina sabon jadawali.

Ana gina shi ne da tanderun ɗakin gwaji da sikeli mai kaifi. A tara samfuran masara masu danshi daban-daban, daga ɗanya sosai zuwa busasshiya ƙarau. A zuba kowanne a na'ura a rubuta lambar da ta bayar. Sannan a auna nauyinsa, a sa shi a tanderu a kan digiri 103 har tsawon sa'o'i 72, a sake aunawa. Idan giram 50 ya koma giram 43, ruwan da ya fita giram 7 ne, wato danshin kashi 14 cikin 100. Da haka za a haɗa kowace lamba da danshinta na gaskiya. A yi da samfura masu yawa, kuma a maimaita aikin gaba ɗaya ga kowane irin hatsi. Kada a kuskura a auna gyaɗa da jadawalin masara.

Dalili kuwa a fili yake. Masara ba ta ajiyuwa lafiya sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 ko ƙasa da haka, shinkafa mai ɓawo kashi 14, ɓararriyar gyaɗa kuwa wajen kashi 7. Idan na'ura ta ce 13 alhali 16 ne, manomi zai ɗinke buhu ya kai rumbu da kwanciyar hankali, hatsin ya yi fumfuna. Wasu nau'o'in fumfuna na haifar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, ke hana yara girma, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ko buhun PICS mai hana iska shiga ba a zuba masa hatsin da bai bushe ba. Haka kuma akwai maganar ciniki: buhun masara mai kilo 100 da danshin kashi 18, in ya bushe zuwa 13, zai koma kimanin kilo 94. Na'urar da ba ta faɗin gaskiya za ta cuci mai saye ko mai sayarwa.

Malamin gona na iya bin diddigin na'urar da gwajin gishiri. A zuba busasshen gishiri da hatsi cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. In na'ura ta ce ya bushe gishiri ya ce a'a, a yarda da gishiri, a mayar da na'urar wurin saiti.

Wuta, zafi da ƙura

Raspberry Pi na aiki da bolt 5, kuma ba ta son a ɗauke mata wuta kwatsam, domin hakan kan lalata bayanan da ke katin memori. A riƙa kashe ta ta hanyar da ta dace, a kuma ajiye wani katin da aka kwafe komai a kansa. Gara a ba na'urar wuta daga batir da ake caji da hasken rana, maimakon janareto ko cajar waya mai arha, domin waɗannan kan sa lambobi su riƙa rawa. Samfuran da suka gabaci Pi 5 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya in an kashe su, don haka a haɗa musu ɗan agogo mai batir kamar DS3231, in ba haka ba kwanan watan da ke kan sakamako zai zama ƙarya. A rufe akwatin da kyau saboda ƙurar hunturu da laimar damina, kada kuma a bar shi cikin rufaffiyar mota da rana.

Inda bai kamata a taɓa ba

Kada a buɗe na'urar da har yanzu ke ƙarƙashin garantin kamfani. Kada a taɓa sikelin ciniki, domin doka ta sa shi ƙarƙashin kulawar sashen awo da ma'aunai na gwamnati. Na'urorin da ke aiki da iskar gas da harshen wuta, ko masu babbar wutar lantarki a ciki, a bar wa ƙwararru. Wasu sassansu na riƙe wuta ko bayan an zare su daga soket. Sannan na'urar da aka sauya wa ƙwaƙwalwa ta dace da ba manomi shawara da koyar da ɗalibai, amma ba a ba da takardar shaidar ingancin kaya da sakamakonta. A manna mata takarda da ke nuna an sauya ta, da ranar da aka yi mata saiti na ƙarshe, da sunan ofishin da ya yi.

Abin da ake samu

Idan aikin ya yi kyau, na'urar takan fi yadda take tun tana sabuwa amfani. Tana ajiye kowane awo da sunan gona da kwanan wata, a tura shi zuwa waya ko kwamfutar ofis. Ana iya sa ta ta nuna sakamako da Hausa, kamar “a ƙara shanya” ko “ya isa ajiya”, yadda manomi zai gani da idonsa. In wani abu ya lalace, madadinsa na samuwa a kasuwa, kuma wanda ya haɗa ta yana kusa. Don haka a tabbata an bar kwafin manhajar da taswirar wayoyin a ofis, ba a hannun mutum ɗaya ba, saboda ranar da za a yi masa canjin wurin aiki.

Kammalawa

Shawararmu ga shugabannin shiyya da malaman gona ita ce su fara da buɗe kabad. A rubuta kowace na'ura da ke ajiye, da abin da ke damunta. A zaɓi guda ɗaya, zai fi kyau ma'aunin tsamin ƙasa, a gyara ta, a gwada ta da ƙasar gonaki goma tare da wata na'urar da aka amince da ita. In sakamakon ya zo ɗaya, sai a fita da ita gona, a kuma ci gaba da sauran. In bai zo ɗaya ba, ta zauna a ofis har sai an gano dalili.

Ga manomi kuwa, yana da haƙƙin ya tambayi duk wanda ya zo masa da na'ura, sabuwa ko gyararriya: yaushe aka yi mata saiti? Wanda ba shi da na'ura ya san bai sani ba, zai ƙara shanya hatsinsa kwana biyu don kokwanto. Wanda na'ura ta yi wa ƙarya kuwa ba zai ƙara ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma tsare mana abin da muka noma.